Arzikin da ke Zuba a Gindin Magarya

Da an gama girbin hatsi, iskar hunturu ta fara kaɗawa, gonakin da ke tsakanin Tasawa da Mayahi sukan sauya kama. An ɗaure dammuna an kai rumbu, karan da ya rage ya kwanta, sai itatuwa su fito fili: gawo da sabon ganyensa, kalgo, sabara, aduwa, da magarya wadda 'ya'yanta suka yi ja suna zuba.

Tun rana ba ta ɗaga ba za ka hangi 'yan mata da ƙorai, da tsofaffi riƙe da sanda da tsintsiya, sun durƙusa a gindin itace. Wannan ta bugi reshe, waccan ta share, wata ta sheƙe ƙasa da ƙaya. Awaki na tsaye a gefe suna jiran a ba su wuri. Abin da aka tara kafin hantsi shi ne rabon gida. Saura kuwa na bisashe ne, da gara, da rairayi.

Wanda ya ratsa gonakin nan a watan Disamba zai ga itatuwa da yawa, musamman na nesa da gari, waɗanda ba a ko leƙa gindinsu ba. Kuma wannan ƙasar ce dai, gundumomin Tasawa da Mayahi da kowace ta haura mutum rabin miliyan a ƙidayar 2012, inda rumbuna da dama ke yin ƙasa tun kafin a yi shuka. Jihar Maraɗi ta daɗe tana cikin jihohin Nijar da tamowa ta fi addabar yara ƙanana. Abinci na zuba a ƙasa a hunturu, a nemi loma a rasa da damina. Wata shida ne kacal tsakaninsu.

Tuffa a can, magarya a nan

A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Faransa ana ganin makamancin wannan a watan Satumba da Oktoba, sai dai itacensu tuffa ce. Gida mai bishiya ɗaya a bayan ɗaki yakan rasa yadda zai yi da abin da iska ta kakkaɓo. Tuffar da ta faɗi ta ƙuje ba ta ajiyuwa, don haka ake yanke wurin da ya ɓaci, a dafa sauran, ko a gasa shi cikin kwaɓin fulawa, ko a matse ruwansa. Wasu kan cika kwando su ajiye a ƙofar gida, mai wucewa ya ɗiba kyauta. Tun 1990 ƙungiyar Common Ground ta ware 21 ga Oktoba ta zama ranar tuffa a Ingila, don kada tsofaffin iri da gonakinsu su ɓace.

Tuffa ba ta yi a ƙasarmu, tana son sanyin da ba mu da shi. Wadda ake gani a faranti a tashar Maraɗi ko ta Tasawa daga nesa aka kawo ta, kuma mai saye ɗaya ko biyu yake ɗauka, ya kai wa mara lafiya. Amma halin itace ɗaya ne ko'ina: ba ya haihuwa da awo. Abin da ya kamata a ci a shekara yakan zubar da shi cikin 'yan makonni.

A 2011 hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa a duniya ba ya shiga cikin kowa. A ƙasashe masu arziki kaso mai yawa na ɓarnar a kanti da cikin gida yake. A Afirka kudu da Sahara kuwa tun daga gona take farawa, ta bi hanya har kasuwa, kuma a 'ya'yan itatuwa da kayan lambu takan kusanci rabi. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Malabo a 2014 cewa za su rage asarar bayan girbi da rabi zuwa 2025. Amma lissafin nan na abin da aka shuka ne aka girbe. Magarya da aduwa da goruba, da babu wanda ya shuka su, ba kasafai suke shiga littafin kowa ba.

Tukunyar da ba ta zubarwa

Kafin a yi wa matan karkara wa'azin tattali, ya kamata a zauna a tsakar gidansu a ga yadda hatsi ke tafiya daga turmi zuwa baki.

An surfa, dusa ta tafi wurin tunkiya. An wanke, ƙasarin ma nata ne. An daka an tankaɗe, tsakin ya zama na kaji ko na fate. An tuƙa tuwo da dare, abin da ya kwana shi ne ɗumamen safe, kuma akwai magidanta da yawa da ba za su ba da ɗumame a kan shayi da burodi ba. Ƙanzon da ya kama a gindin tukunya a kankare shi, a shanya, ranar da ake so a jiƙa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Shi kansa ƙuli-ƙulin saura ne, tunkuzar da ta rage bayan an matse man gyaɗa. Yakuwa a ci ganyenta a miya, a sha zoɓonta, a yi daddawar batso da 'ya'yanta. Tumatirin da ya yi yawa a yanka a shanya ya zama kauɗa, ganyen albasa ya zama gabu, kuɓewa ta bushe ta jira rani.

A gari ma tuwon da almajirai suka samu ya fi ƙarfin cikinsu ba ya zuwa juji. Sukan shanya shi ya bushe, su sayar wa masu kiwo. Ga kuma tarbiyyar addini da ke bayan wannan duka: yaro ya tashi yana jin cewa almubazzaranci haramun ne, kuma lomar da ta faɗi sunna ce a ɗauka, a share, a ci.

Inda abin ya fara canzawa shi ne a bukukuwan cikin gari. Shinkafa da taliya da aka dafa da mai, aka ƙulla a leda tun da safe, ba su da haƙurin tuwo. Kafin magariba, a zafin watan Afrilu, sun yi yami. Ba a ɗumama su kamar tuwo, ba su shanyuwa kamar ƙanzo. Wannan ɓarna ce ta gaske, kuma tana ƙaruwa. Duk da haka, in aka ɗora ta a sikeli da abin da ke lalacewa a gindin itace, ba ta kai ba.

Itatuwan sun dawo

Dattawan yankin sun san lokacin da gonakin nan suka zama fili fetal. Bayan farin shekarun 1970 da yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari, manomi yakan share gonarsa tas kafin shuka, ya ƙone duk wani tsiro. Itace a lokacin na gwamnati ne a idon doka, mai gona bai ga amfanin rainon abin da ma'aikacin gandun daji zai ci shi tara a kansa ba.

A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona da mishan ta SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara ba su mutu ba, saiwoyinsu na nan da rai. In an zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka sassabe sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Manoma suka karɓi dabarar, suka gyara ta yadda ta dace da gonakinsu, aka riƙa kiranta sassaben zamani. Binciken da masana suka yi daga baya, cikinsu har da ɗan Nijar Mahamane Larwanou, ya nuna cewa an farfaɗo da kimanin kadada miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018 saboda wannan aiki.

Idan ana ba da labarin nan, itacen wuta da inuwa da takin gawo aka fi ambata. Ba a cika faɗin cewa cikin abin da ya dawo akwai magarya da aduwa da ɗanya da anza ba, kuma duk suna haihuwa. Gonar da ba ta da ko ɗan tsiro a 1985 yau tana zubar da ƙwarya bayan ƙwarya. Itace ya dawo da sauri, sana'ar sarrafa 'ya'yansa da kasuwarsu kuwa suna baya.

Akuri

Sana'ar ba baƙuwa ba ce. Kakanninmu sun san yadda ake mayar da magarya abin ajiya.

Ana baza ta a tabarma ta bushe ƙayau. A zuba a turmi a kirɓa a hankali, ba da ƙarfin daka hatsi ba, don naman ya rabu da ƙwallon ba tare da ƙwallon ya fashe ba. A tankaɗe, gari mai ruwan ƙasa-ƙasa da ƙamshi ya fito. A yayyafa masa ruwa kaɗan, a danna shi cikin ƙaramin ƙoƙo ko a cura da hannu, sannan a turara, ko a gasa a ramin da aka zafafa da garwashi, yadda Buzaye ke yi. Abin da ya fito shi ne akuri, wasu kuma su ce tuwon magarya. Ba a sa masa sukari, zaƙinsa nasa ne. In ya bushe da kyau yakan yi watanni bai ɓaci ba, shi ya sa ya zama guzurin matafiya da makiyaya. Ƙwallayen da suka rage ma akan jiƙa su, a sha ruwan ko a dama kunu da shi.

Baturen nan ɗan Sikotilan, Mungo Park, da ya ratsa ƙasashen da ke cikin Mali ta yau a 1796, ya tarar da mutane suna yin irin wannan waina da 'ya'yan itacen, ya kuma rubuta cewa ɗanɗanonta ya tuna masa da wani burodi mai zaƙi na ƙasarsu. Fiye da shekara 200 ke nan, kuma hanyar yin ta ba ta sauya ba.

Abin da ya sauya shi ne masu yi da masu saye. Akuri na nan a kasuwannin ƙauye, a faifan tsohuwa, kusa da kuka da daddawa. Yaron da aka ba dala biyar a ƙofar makaranta kuwa biskit ɗin leda yake nema. Ga aikin da wuya: tsinta cikin ƙaya, shanya, kirɓi, tankaɗe, duk a kan ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Budurwar da ta ga wahalar da kakarta ke sha ba ta ɗokin gadonta, kuma ba a ga laifinta ba.

Akwai kuma abin da masu sha suka sani: akuri mai tsakuwa. Magaryar da aka share daga ƙasa, aka shanya a ƙasa, ba ta rabuwa da rairayi. Mutumin birni da ya tauna sau ɗaya ya ji ƙasa a haƙori ba zai sake saye ba. Shimfiɗa tabarma ko buhu a gindin itace kafin a kakkaɓe, da shanya a kan rumfa maimakon ƙasa, su ne bambancin kayan ƙauye da kayan kanti.

Magaryar aure

A farkon shekarun 2000 cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta fara yaɗa wata magarya da aka samo irinta daga Indiya. Farfesa Dov Pasternak ne ya jagoranci aikin. Ana ɗauko reshen irin su Gola ko Umran a aura shi a kan magaryar gida, yadda ake yi wa mangwaro. Saiwar ta gida ce, mai jure fari, 'ya'yan kuwa sukan ninka na daji wajen sau goma, ga ruwa, ga garɗi in an gatsa. Aka sa mata suna Pomme du Sahel, wato tuffar Sahel. A ɗanyenta ta fi tuffar gaske sinadarin bitamin C nesa ba kusa ba.

Ta iso Mayahi ta hannun mata. Daga 2012 ƙungiyar agaji ta CRS, tare da ICRISAT, ta yi aiki a gundumomin Mayahi da Kance, inda ƙungiyoyin mata suka karɓi faƙon da aka yi watsi da shi, suka haƙa ramukan tassa da na rabin wata don tare ruwan sama, suka shuka kuɓewa da yakuwa da zogale, suka dasa magaryar aure a tsakani.

Inda aka kula da ita ta yi kyau. Amma ta zo da lalurar da magaryar daji ba ta da ita, irin lalurar mai tuffa a Ingila. Ruwan da ya sa ta daɗi shi ke hana ta ajiyuwa, kwana kaɗan ta yi laushi. Tsuntsaye na sonta. Akwai ƙudan da ke huda ta ya yi ƙwai a ciki, tsutsa ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan su zube tun ba su gama nuna ba. In an bar waɗanda suka zuba a gindin itace, tsutsar ta shige ƙasa ta fito ƙuda, ta koma kan na sama. Shi ya sa malaman gona ke cewa a riƙa tsince su kullum, masu kyau a ci ko a yanka a shanya, masu tsutsa a ba dabbobi ko a binne da zurfi. Haka ake yi wa mangwaro, wanda shi ma wani ƙudan da ya shigo Afirka ta Yamma wajen 2004 ke yi wa irin wannan ta'adi. Sannan tana son aski kowace shekara, kuma in ba a cire tsiron da ke fitowa ƙasa da wurin auren ba, ta gida za ta rinjayi baƙuwar, a wayi gari itacen ya koma yadda yake.

Goruba tun ba ta nuna ba

A Gulbin Kaba matsalar ta juya. Wannan tsohon kwari, da ya ratsa ƙasar Tasawa ya bi ta Kanembakashe da Mayahi ya nufi Dakoro, daga kabar goruba ya samo sunansa, kuma dubban gidaje na ci daga gare ta. Da kaba ake saƙa tabarma da igiya da malafa. Ɓawon 'ya'yan ana gwaguya, ana kuma daka shi a sayar da garin, wanda ke da kasuwa har Najeriya, inda masu hawan jini ke jiƙawa suna sha. Ƙodagon ya shiga murhu.

A nan ba a bari ta faɗi. Yara na jifarta tun tana ƙwalshi, manya na kakkaɓe ta da gora tun ba ta yi ja ba, don kowa na tsoron in ya jira wani zai riga shi. Goruba ɗanya ba ta da nauyin gari, ba ta da zaƙi, ba ta da kuɗi, kuma ƙodagonta ba ya tsira. A ƙasa kuma ana yanke kaba tun tana ƙarama, shekara bayan shekara, ba ta samun damar yin gangar jiki. Tsofaffin goruba na mutuwa, matasan da za su gaje su ba su da yawa. A farkon shekarun 2000 wani shirin gwamnati na kula da dazuzzuka ya kafa wuraren sayar da kaba da kwamitocin ƙauyuka a kwarin don a tsara yanka da tsinka. Tsarin ya nuna hanya, amma tsoron nan na kada a riga ni bai gushe ba.

Na wa ne abin da ya faɗi?

Nan ne bakin zaren, kuma kowa da hujjarsa.

Mai gona na ganin shi ya bar tsiron, shi ya kare shi daga gatari shekara goma, shi ya haƙura da inuwar da ta rage masa hatsi. Me zai sa ya zo da safe ya tarar an share gindin itacen? Dokar gandun daji ta 2004 ta sassauta riƙon da gwamnati ta yi wa itatuwa, kuma a watan Yulin 2020 aka fitar da doka ta musamman da ta amince wa manomi da amfanin itacen da ya raina a gonarsa.

Matar da ba ta da gona, ko take da ɗan gamana da bai kai ya kawo ba, tana ganin abin daban. Tun kaka da kakanni, abin da Allah ya tsirar ba a hana tsintarsa, kamar yadda ba a hana kala bayan girbi. Da kuɗin magarya da aduwa take sayen gishiri da sabulu, take zuba adashi. In aka ce kowane itace na mai gona ne shi kaɗai, an rufe mata ƙofa ta ƙarshe. Wannan tsoro ba na banza ba ne: a wurare da yawa, da zarar abin da mata ke tsinta ya yi kuɗi, sai maza su tuna cewa gonar tasu ce.

Makiyayi kuma na cewa da an kwashe amfanin gona, daji na kowa ne, haka aka saba. Burtali ya ƙuntata, makiyaya ta zama gona, dabbarsa ba ta da abin ci da rani sai 'ya'yan gawo da kalgo da ganyen aduwa. Shi ma kashin da garkensa ya bari a gonar ai taki ne.

A ganina duk wanda ya ce ɗaya daga cikin ukun nan ba shi da gaskiya bai zauna da shi ba. Ƙauyen Ɗan Saga, a gundumar Agye mai maƙwabtaka, ya yi suna ne saboda ya zaunar da su wuri ɗaya: kwamitin tsaron itatuwansa ya haɗa manoma da mata da Fulani makiyaya, suka yi ƙa'ida, suka sa tara. Irin wannan zama ne zai iya tsayar da ranar fara tsinkar goruba, yadda ake tsayar da ranar sakin dabbobi cikin gonaki, ya kuma raba tsakanin abin da ke sama, na mai gona, da abin da ya faɗi da kansa.

Tabon 2005

Akwai wani shinge da ba a gani, yana cikin zuciya. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, jihar Maraɗi ta zama cibiyar matsalar abinci da duniya ta gani a talabijin. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara kimanin dubu 60 masu tsananin tamowa a Nijar a shekarar. 'Yan jarida suka ɗauki hoton mata na tafasa anza da ganyen jiga, aka nuna wa duniya a matsayin shaidar cewa mutane sun kai maƙura.

Gaskiya ne yunwa ce ta kai mutane ga cin su ba ƙaƙƙautawa. Amma hoton ya bar tabo. Dilon anza, in an jiƙa shi kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, abinci ne mai gina jiki da ake dafawa kamar wake. Ƙwallon aduwa kusan rabinsa mai ne. Dubagara da tafasa da yaɗiya kwaɗonsu ake yi tun ba a san sunan tamowa a takarda ba. Sai ga shi magidanci na jin kunyar baƙo ya tarar da su a akushinsa, kada a ce gidansa ya ƙare.

A Damagaram, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai daga Tasawa, kamfanin Sahara Sahel Foods da Josef Garvi ya kafa a 2014 ya ɗauki hanyar goge wannan tabo. Yana sayen anza da aduwa da magarya da goruba daga hannun ɗaruruwan matan karkara, ya sarrafa su, ya zuba a kwalba da leda mai suna, ya kai kanti. Man aduwa da ke kan kanta kusa da man da aka shigo da shi daga waje ya daina zama abincin yunwa a idon mai saye. Kamfani ɗaya ba zai shanye abin da gundumomi biyu ke zubarwa ba, amma ya nuna akwai masu biya in kayan na da tsabta.

Fulawa da sukari sun yi tsada

Mai gashin burodi a Tasawa, da matar da ke soya fanke ko cincin a ƙofar gida, duk da fulawar alkama da sukarin waje suke aiki. Yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashin alkama a 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da ke shigowa yankin ta layin Katsina zuwa Gazawa, kaya suka yi wuya har aka ɗage takunkumin a farkon 2024. Masu firji sun ga yadda abin da suka dogara da shi ke narkewa. Kauɗa da gabu da akuri kuwa ko a jikinsu.

Garin magarya ba zai maye gurbin alkama a burodi ba, ba shi da danƙon da ke sa kwaɓi ya tashi. Amma a biskit da cincin da kek, in an sa shi kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na fulawa, yana rage sukarin da za a zuba, ya ba da launi da ƙamshi. Garin goruba ma haka, a kunu da abin sha. Burodin jiya da ya bushe, wanda Faransawa ke tsomawa a madara da ƙwai su soya, masu shayi a tasha sun san yadda ake sayar da shi da wainar ƙwai. Mangwaron da ya cika kasuwa a watan Mayu har ana zubarwa a bayan rumfuna, in an yanka shi sirara aka shanya a inuwa mai iska, a ƙarƙashin gidan sauro don ƙuda, zai kai azumi ko sallah.

Sai dai tattali na da iyaka, kuma ma'aikatan lafiya na da gaskiya da suke nanata ta. Tuwon da ya yi yauƙi ko ya canza wari ba na ɗumame ba ne. Shinkafar da ta wuni a leda cikin zafi tana iya kwantar da gida guda. Gyaɗa ko hatsin da ya yi funfuna na ɗauke da dafin da ke lalata hanta, wuta ba ta kashe shi, kuma bai kamata a yi wa yara ƙuli-ƙuli da shi don gudun asara ba. 'Ya'yan itacen da aka tsinta inda dabbobi ke kwana sai an wanke, an shanya sun bushe sarai.

Jari da ajiya

Abin da ke hana mai tsinta cin riba sananne ne. Ranar da ta kai magarya kasuwa, ranar kowa ya kai tasa. Tiya ta faɗi warwas. Ɗan kasuwa mai jari ya saye, ya ɗura a buhu, ya jira watan Afrilu ko Mayu ya sayar da ninki. Ita ba za ta iya jira ba, cefanen yau take nema. In ma ta ajiye, ƙwari na shiga busasshiyar magarya su mayar da ita gari.

Maganin waɗannan biyun duk a jihar Maraɗi aka san su. A nan ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, asusun da mata ke zubawa duk mako su ranta wa junansu, wanda daga baya aka kwaikwaya a ƙasashe da dama. A nan kuma masu binciken cibiyar noma ta INRAN, cikinsu har da Ibrahim Baoua, suka yi aiki da jami'ar Purdue ta Amurka daga 2007 kan buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke toshe iska ya kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba. Tsarin ajiye amfanin gona a sito a karɓi bashi a kansa, a sayar in farashi ya tashi, shi ma ya yaɗu a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990.

Duk an gina su ne a kan hatsi da wake da gyaɗa. Ƙungiyar matan da ke da asusu a Sarkin Hausa ko Maijirgi ko Korgom tana iya sayen magaryar 'ya'yanta a watan Disamba a farashin da ya fi na ɗan kasuwa, ta busar a kan rumfa, ta rufe a buhun da iska ba ta shiga, ta fitar da akuri da gari a bazara lokacin da babu wani ɗan itace a daji sai ɗanya. Abin da take buƙata tabarmi ne, da rariya mai kyau, da buhuna, da ɗaki mai ƙofa, da kuma amincewar masu gonaki da mai gari cewa in an shimfiɗa tabarma a gindin magarya ba za a kore ta ba.